Abin da Za a Canza wa Injin Yusuf

Tanut, ranar Lahadi

Zuwa ga taubashina Zakari, mai gyaran ordinater a Damagaram,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kai da Zuhaira da yara, da fatan zafin bana bai gama da ku ba. Inna, gwaggonka, tana nan da sauƙi, ƙafar ce dai ke tashi mata in ta daɗe a zaune. Ta ce a gaya maka tun da ka yi tumbi ka manta hanyar Damargu.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a zamanin nan. Wayata ta faɗa randa, wadda ta rage a gidan ta ƙanena Yusuf ce, maganar kuwa a kansa take. Ko ba haka ba ma, tun da ya dawo ba ya ɗaga kiran kowa, tana ta kuka a aljihunsa yana kallon bango. Tanko direba zai miƙo maka wannan, shi zai karɓo amsa in zai juyo.

Ba ka ga Yusuf ba tun dawowarsa daga Jado, don haka bari in gaya maka. Su biyu suka tafi haƙar zinariya da Yaya Usman. Rami ya rufta da Usman, Yusuf yana sama riƙe da igiya. Ya dawo mana cikin sanyi, ƙashi da fata, da wani ƙaton ordinater na hannu, irin kwamfutar nan ta ajiyewa a tebur, da ya saya a Agadas. Na yi masa faɗa a lokacin, na ce mutum ya baro gawar wansa ya ɗauko abin wasa. Yanzu ina neman gafarar Allah a kan wannan maganar, don injin nan ne ya dawo mana da shi cikin mutane. Ya kafa shi a zaure, yana buga ƙwallo da tseren mota. Samarin unguwa suka fara shigowa, suna ba da ɗan abin da ya samu su yi wasa. A nan na fara jin dariyarsa daga ɗakin ɗinkina, har na tsayar da keke don in tabbatar shi ne.

To tun da bazara ta kama injin ya canza hali. Ana cikin wasa sai 'yan ƙwallon su tsaya cak da ƙafa a sama, su motsa, su sake tsayawa, can sai gilashin ya yi baƙi ƙirin. Duk ranar da ya yi haka Yusuf ba ya zama. Ajiye manet ɗin da ake riƙewa a yi wasa yake yi, ya zura takalmi ya nufi tasha wajen Aghali, mai kamyon da ke kai mutane Jado. Aghali yana gyaran motarsa, an ce kafin damina zai tashi.

Tsoro nake ji, Zakari. Ban san komai a kan injin nan ba, amma na san in ya mutu babu abin da zai riƙe Yusuf a gidan nan, Inna kuma ba za ta iya jin labari na biyu ba. Yusuf ya ce akwai abin da ake canzawa a ciki ya ƙara ƙarfi. Na kwafo maka rubutun da ke jikinsa a bayan takardar nan. Ka gaya mini wanne ne za a canza, kuma kada ka yi mini dogon turancinka.

Taubashiyarka,
Balki

*

Damagaram, ranar Talata

Balki,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Zuhaira tana gaishe ki. Ki gaya wa Gwaggo tumbin gado ne daga ɗan'uwanta, ba laifina ba ne. Ke kuma rubutunki har yanzu kamar kaza ta bi ta kan yashi, sai da na sa madubin ido kafin na karanta lambobin injin.

Na bar wasa. Takardarki ta hana ni cin abinci. Ban san abin ya kai haka ba, kuma na ji kunyar ta'aziyyar da na yi ta baki ban zo ba.

Ga maganar injin a taƙaice, tun da ke tela ce. Akwai baret, ita ce kamar teburin da kike yanka yadi: in ya yi ƙanƙanta aiki sai ya riƙa tsayawa. Akwai kart grafik, ita ke zana duk abin da kike gani yana gudu a gilashi. Akwai disk, wato rumbun ajiya. Akwai kuma alimantasiyo, akwatin da ke raba wa kowa wuta. Samari duka kart suke kira, don ita ce mai suna, amma ba kullum ita ke da laifi ba. Injin Yusuf tsoho ne amma ba na banza ba, teburinsa ne ƙarami. Na sa baret guda a cikin kwalin ashana, na ba Tanko. Yusuf ya buɗe gefen injin, zai ga rami dogo kusa da irinta, ya danna har ta ce ƙas. Maganar kuɗi ki bar ta.

Sai dai ɗaukewar nan da yake yi ba ta yi mini daɗi ba. Ki duba mini: da an kunna yake mutuwa ko sai ya jima? Fankar ciki tana juyawa? A ina yake ajiye, rana tana dukansa? In Yusuf ya buɗe, ki leƙa ki ga ko yashi ya cika shi. Injinan Damargu da ake kawo mini, rabin ciwonsu yashi ne.

Ki kwantar da hankalinki. Ki riƙa ba shi abinci a zauren, kada ki tsare shi da tambaya.

Zakari

*

Tanut, ranar Jumma'a

Zakari,

Gaisuwa da fatan alheri. Inna ta yi zazzaɓi amma ya sauka. Saƙonka ya iso, Allah ya saka.

Yusuf ya sa baret ɗin ina tsaye a kansa. Ta ce ƙas kamar yadda ka faɗa. Ranar ya yi murna, ya ce wasan yana buɗewa da sauri. Ban gama ɗinka hannun riga ɗaya ba sai na ji zauren ya yi tsit. Na leƙa, gilashi baƙi, takalminsa babu a bakin ƙofa.

Ga amsar tambayoyinka. Ba ya mutuwa da wuri, sai ya jima kamar a dafa shayi a sha na fari. Fanka tana juyawa, har kuka take yi ana ji daga tsakar gida. A inuwa yake, zauren nan namu mai ƙofa biyu da ka sani, iska tana ratsa shi. Yashi kuwa ka ci amanata da ka tambaya. Ni Balki in bar kaya a gidana ya sha yashi? Na leƙa cikinsa da idona, fes yake kamar yau aka ƙera shi.

Jiya Aghali ya zo har ƙofar gida. Bai taɓa zuwa ba. Suka tsaya a gindin bedi suna magana ƙasa-ƙasa, Aghali yana nuna arewa da makullin mota. Na kai musu ruwa don in ji, suka yi shiru har na juya. Inna ta tambaye ni muryar wa take ji, na ce mai kawo ɗinki ne. Na koma kan kekena.

Da ya shigo na ce masa, “Yusuf, me ya kawo Aghali?” Ya ce, “Gaisuwa ce, Yaya.” Sai ya tsuguna gaban injin ya ce, “Kart ce. Na san kart ce, ta tsufa.”

In kart ce ka aiko da kart. Ina da tunkiya a hannun masu kiwo a Tarka, in ta kama a sayar sai a sayar. Ba shawara nake nema yanzu ba, taubashi, roƙonka nake yi.

Balki

*

Damagaram, ranar Lahadi

Balki,

Ina gaishe ki da jikin Gwaggo, Allah ya ƙara sauƙi. Ki bar tunkiyarki inda take.

Na juya amsoshinki a kaina har Zuhaira ta ce ko bashi ake bi na. Alamun da kika faɗa na zafi ne, amma kin ce inuwa, kin ce iska, kin ce babu yashi, fanka kuma tana aiki. To ban ga ta inda zafin zai shigo ba. Saura kart da alimantasiyo, kuma ban da tabbas a kan ko ɗaya. Da injin yana gabana da na sani kafin azahar. Ki roƙe shi ya ba Tanko ya kawo mini mana, ko na kwana biyu ne.

Na san abin da za ki ce, ba za ki yarda zauren ya zauna babu komai ba ko na wuni ɗaya. Don haka na aiko da kart. Ta hannu ce amma na gwada ta a shagona, ta fi tasa nesa ba kusa ba. Tana cikin kwali na naɗe ta da tsohon rawani, kada a ɗora mata buhu.

Ki ji wannan da kyau. Kart ɗin nan tana cin wuta, tana kuma fitar da zafi fiye da tsohuwar. In kika ji ƙauri, ko na roba ko na waya, ki zare wutar daga bango, kada ki jira izinin kowa. Zaurenku rufin zana da itace ne, ban manta ba. Ki rubuto mini komai, har abin da kike ganin bai kai a faɗa ba.

Zakari

*

Tanut, ranar Laraba

Zakari,

Muna gaishe ku. Lafiya lau sai abin da ba a rasa ba.

Kart ta iso. Da aka kunna, ni kaina na tsaya kallo. Ciyawar filin ƙwallon har ganyenta ake gani, 'yan wasan suna da gumi a goshi. Samari suka cika zauren har waje. Sai dai abin bai kai ko tafasar shayi ba ya ɗauke. Aka bari ya huce aka kunna, ya sake ɗaukewa, wannan karon da sauri. Yanzu ya fi da lalacewa. Ƙauri kuma akwai shi kaɗan, kamar in na manta dutsen guga a kan yadi. Na zare wutar kamar yadda ka ce, Yusuf ya mayar, ya ce sabon abu haka yake wari.

Ka ce in faɗi komai, to ban san me ya rage ba. Wallahi babu kayan da ke samun kulawa a gidan nan kamar injin nan. Ka san mu, abin da muke ji da shi ba ma barinsa tsirara. Rediyon Inna da rigarsa, kekena da rigarsa, kular ruwa ma na yi mata. Shi kuwa tashi ta fi ta kowa. Da iskar bazara ta fara ɗebo yashi na zauna na ɗinka masa da bargon Yaya Usman, wanda Yusuf ya dawo da shi. Na yi masa shafi da leda mai kauri daga ciki, na auna shi daidai jikinsa ko ɗan yatsa ba ya shiga, na bar ƙofa ƙarama wajen maɓalli da wajen wayoyi. Duk sanda Yusuf ya gama sa wani abu, ni nake mayar masa da ita da hannuna kafin a kunna. Shi ma yana sonta, wani lokaci yana wasa hannunsa ɗaya yana kan bargon. Don haka maganar yashi ka cire ta a ranka.

Kamyon Aghali ya fito daga gareji, na gan shi da idona an ɗaura masa jarkokin ruwa a gefe. Yusuf ya wanke kayansa da kansa jiya, abin da bai saba ba. Me kuma za a canza, Zakari? Ka faɗa mini da sauri.

Balki

*

Tanut, ranar Litinin

Zakari, lafiya? Kasuwa ta ci ta tashi ban ga amsarka ba, ban ga Tanko ba. Ko na gajiyar da kai ne? In fushi ka yi don na ƙi aiko da injin, ka yi haƙuri, ka yi fushin daga baya. Ƙaurin yana ƙaruwa, har Inna ta ce wa ke ƙona leda. Yusuf yana kunnawa ya mutu, ya kunna ya mutu, sannan ya tafi tasha. Na daina zuwa kai ɗinki don kada in dawo in tarar ba ya nan. Wannan na ba wani mai motar Agadas da ban sani ba, Allah ya sa ta same ka.

Balki

*

Damagaram, ranar Talata

Balki,

Ki cire rigar nan. Ki ajiye takardar, ki je ki cire ta, sannan ki dawo ki ƙarasa karantawa.

Takardunki biyu yau suka same ni tare. An yi wa Tanko rasuwa a Tarka, ta farkon tana aljihun motarsa duk kwanakin nan. Da na kai wajen bargo da leda sai da na miƙe tsaye a shago. Na kira wayar Yusuf har ta gaji, bai ɗaga ba. Na rasa wanda zan kira, duk lambobin da nake da su na Tanut sun mutu.

Injin nan numfashi yake yi. Ramukan da kike gani a gefensa da bayansa, ta nan yake jan iska mai sanyi ya fitar da mai zafi. Kin toshe su duka. In ya ji zai ƙone sai ya rage gudu, shi ne tsayawar da 'yan ƙwallo ke yi, in abin ya fi ƙarfinsa ya kashe kansa. Babu abin da ya lalace a cikinsa tun farko. Ni kuma na aiko da kart mai zafi aka cusa a cikin bargo, a ƙarƙashin rufin zana, Gwaggo tana ɗaki da ƙafar da ba ta gudu. Tun ɗazu abin da nake gani ke nan in na rufe ido.

Ba laifinki ba ne ke kaɗai. Na tambaye ki inuwa, na tambaye ki yashi, ban taɓa kawowa a raina in tambayi riga ba, alhali a gidan da ake yi wa rediyo riga na girma.

Na haɗo da alimantasiyo, don ƙaurin da kike ji ina zaton tsohon ne ya fara gasuwa. Yusuf ya canza shi, wayoyin ba sa shiga sai inda ya dace. Bargon kuwa ki san yadda za ki faɗa masa, kin fi ni sanin zuciyarsa. In sha Allahu daga yau injin zai yi gudu kamar ba shi ba, ƙanenki kuma ya zauna. Ki rubuto ko layi ɗaya ne in samu barci.

Zakari

*

Tanut, ranar Alhamis

Zakari,

Muna lafiya, babu abin da ya ƙone. Ka karanta wannan kafin ka ɗaga wayar Yusuf, don ya ce gobe bayan masallaci zai kira ka da kansa.

Na yi yadda ka ce. Ban iya gaya masa gaskiya ba, na ce bargon ya yi datti zan wanke. Ya sa akwatin wutar da ka aiko, ya kunna. Zakari, tun hantsi har la'asar injin nan bai yi ko tari ba. Fankar ta daina kuka. Samari suna ihu, Yusuf yana tsalle yana dukan cinya, yana cewa ashe alimantasiyo ne, Yaya Zakari ya gano shi. Na shiga ɗaki na yi sujada.

Da aka watse sai ya zo ya zauna a bakin ƙofar ɗakin ɗinkina, fuskarsa a sake, rabon da in gan ta haka tun kafin su tafi. Ya ce, “Yaya, alhamdu lillahi, abin da nake jira ke nan.” Na ce me kake jira? Ya ce, “Ban so in tafi in bar ku da mataccen inji. Yanzu yara za su riƙa zuwa, ke da Inna ba za ku rasa na cefane ba. Gobe zan nuna miki yadda ake kunnawa da kashewa, ba wuya.” Na ce tafiya ina? Ya ce, “Na baro Usman ko dutse ban kafa masa ba. Aghali ya gaji da jirana, ran Asabar zai tashi.”

Ashe duk zuwan da yake yi tasha haƙuri yake ba Aghali, yana ce masa ya ƙara jinkiri injin bai gyaru ba. Ni kuma ina nan ina tashin hankalinka, ina neman baret, ina neman kart, ina share masa hanya da hannuna. Na yi kuka, na kama ƙafarsa, na ce ya dubi Inna. Ya ce zai dawo kafin kaka. Haka Usman ya ce.

Bargon ya bushe a kan igiya. Yau da safe na mayar wa injin rigarsa, na ja zaren na ɗaure. Yusuf yana nuna mini maɓalli, aka fara wasa, ba a jima ba 'yan ƙwallon suka tsaya da ƙafa a sama. Ya daɗe yana kallon baƙin gilashin. Sannan ya zura takalmi ya tafi tasha, ya dawo ya ce ya roƙi Aghali ya ƙara masa mako.

Na karanta abin da ka rubuta a kan wuta, ban manta ko kalma ba. Na mayar da gadon Inna ɗakin da ke nesa da zaure. Na ajiye bokitin yashi a bayan ƙofa. In an kunna, ina zaune kusa da bango hannuna a kan wayar wutar, ina shinshina iska. Tsoron wutar yana nan, amma wuta ina ganinta, ramin Jado kuwa ba na gani.

Ban taɓa roƙonka ƙarya ba, yau na roƙe ka don darajar zumunci. In ya kira kada ka ambaci riga. Ka ce masa akwai sauran abu ɗaya da za a canza. Kai ka san sunayensu, ka zaɓo masa wanda babu shi a Damagaram, wanda sai an aika nesa, wanda ba zai iso ba sai ruwa ya sauka.

Balki